Kwana Huɗu a Bakin Tafkin Madarunfa

Shekaranjiya na dawo Tawa, har yanzu jakata warin bandar kifi take, uwargida ta rataye ta a katanga ta ce ba za ta kwana mata a ɗaka ba. Suna ne ya kai ni Madarunfa. Wani abokina da muka yi lakwal tare aka yi wa haihuwa, na tafi da niyyar kwana ɗaya in juyo, sai ga shi na yi huɗu.

Hanyar kowa ya san ta: Badagishiri, Tsarnawa, ƙurar simintin Malbaza, buhunan albasa jibge a bakin kwalta a Galmi, Madawa, sai barci. Abin da ya tashe ni wani mai kaki ne a wani shinge kafin mu shiga Maraɗi. Ya karɓi katin ɗan ƙasata, ya juya gaba ya juya baya, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce ranka ya daɗe, lokacin da aka ɗauke shi ban fara furfura ba. Ko murmushi bai yi ba. Ya sa katin a aljihu ya tafi ya zauna gindin bedi yana shan shayi, mota cike da mutane, har da mai jego, muna jiran ya ga dama. Direba na ta yi mini ido in miƙa dala ɗari a wuce wurin. Na ƙi. Takardata lafiya lau take, kuɗin me zan ba shi? Da ya gaji ya aiko yaro da katin, ko dubana bai yi ba. Mutanen motar kuwa haushina suka ji, ba nasa ba, wata tsohuwa har da cewa Adarawa akwai taurin kai.

Daga Maraɗi tafiyar ba ta da nisa, kilomita ashirin da 'yan kai ne kudu, ta wajen Jiratawa. Nan idona ya fara buɗewa. Mu da muka saba da dutse da jar ƙasar Adar, sai ga zogale gona guda, kore shar, mata na tsinka suna cika buhuna. A Tawa zogale ɗan kwaɗon da za ka saya da marece ne, a nan kuwa noma ne sosai, har Yamai ake kai shi.

Mahaifin abokin nawa shi ya sauke ni, dattijo mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Na miƙa masa cukun da na kawo tsaraba, ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, wannan takarda ce ko abinci?" Ya sani sarai, zolaya ce. Ya kwashe shimfiɗarsa daga ɗakin zaure ya bar mini, na yi na yi ya ƙi. Kullum da asuba kafin in dawo masallaci Inna ta aiko da kunu da ƙosai, da rana fura, da dare tuwon gero da miyar kifi. Ranar da na sayo sukari da shayi na kawo gidan, Baba ya ɓata rai ƙwarai, ya ce, "Mun gaza ne?" Sai da na ce na jikoki ne sannan ya bari aka shiga da su.

Gaskiya na je da raini. Mu muna da Tabalak, ina ganin wane ruwa kuma za a nuna mini. To, Tabalak a fili take, rana na dukanka, raƙuma da shanu na ta kai da kawo. Na Madarunfa kuwa itatuwa ne suka kewaye shi, gawo da kuka da wasu manya da suka girmi kakan kowa, tsuntsaye fari fat a kan rassa, inuwa har bakin ruwa. Masunta na tura kwalekwale da gora tun duhun asuba. Baba ya ce ruwan yana cika da damina ya ja baya da rani, inda ya janye a bi shi da shuka. Ya kuma yi ƙorafin da na ji a bakin mutum fiye da uku: tun da aka yi dam a Jibiya, can Najeriya, Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa kamar dā, ga yashi na cike tafkin a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kaburburan ne. An ce waliyyai 99 ke kwance kewaye da tafkin, kuma tun 2006 Nijar ta sa su, tare da dajin da tafkin, cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Na zaci zan tarar da ƙofa da mai gadi da tikiti. Ina! Wani yaro ne Baba ya haɗa ni da shi, muka bi ta gonaki. Ga kabari nan an kewaye shi da ɗan gini, awaki na kiwo a gefe, wani manomi ya jingina kekensa yana addu'a, ya shafa ya hau ya wuce abinsa. Muka ga na biyu, na uku, na tsaya ƙirga a na shida don ƙafata ta gaji. Da na tambayi Baba ina sauran, ya ce, "Ba duka ake nuna wa mutum ba." Ya ce akwai masu ganin haske a kansu da dare. Wani matashi mai ɗangalallen wando da ke zaune a wurin ya ce duk bidi'a ce. Na ce yau za a yi ta. Baba ya miƙa masa kofin shayi kawai, ya karɓa ya sha, aka koma zancen farashin taki. A majalisarmu ta Tawa da wannan magana ta kai mu sallar isha'i, wataƙila har da gaba ta sati guda.

Ciniki kuwa na sha shi. A bakin ruwa na taya tulin karfasa da tarwaɗa, mai kifin ya ji harshena ya ce jika uku. Na tafi na dawo da yaron gidanmu na tsaya nesa, aka ba shi a jika ɗaya da rabi, har da gyara. Na fito na ce, "Malam, ashe haka ake yi?" Ya yi dariya ya ce ai ku 'yan Tawa kuɗin Abijan gare ku. Ban ji haushi ba, don mu ma haka muke yi wa baƙo a kasuwar dabbobi. Abin da ya dame ni lissafi ne: wani ya faɗa maka kuɗi da sefa, na kusa da shi da naira, kai kana tsaye kana ƙirga da yatsu. Kayan Najeriya ko'ina, daga omo har taliya, kuma sun fi namu sauƙi. Amma cuku ko kilishi na kirki, kada ka nema.

Na so in leƙa wajen Gabi, Baba ya hana, ya ce dajin wancan gefen ba na yawon baƙo ba ne yanzu, masu satar mutane sun ɓata shi. Ban yi gardama ba.

Suna ya yi kyau, rago biyu. Ranar komowa Inna ta cusa mini bandar kifi da buhun busasshen zogale, na biya musu kuɗin kaya a tashar Maraɗi fiye da yadda na zata. A shingen nan wani ne daban, ko katin bai tambaya ba. Mun shigo Tawa bayan magariba, taya ta fashe mana sau ɗaya kusa da Galmi.