Albashin Mai Lissafa Albashin Wasu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na buɗe ɗan ofishina a Kano, inda muke samo wa kamfanoni ma'aikata, mu rubuta musu takardun ɗaukar aiki, mu kuma riƙe musu lissafin albashi duk wata. Sana'ar dai ta girmi ofishin nesa ba kusa ba, domin a wata masaƙa da ke Sharaɗa na koye ta, ƙarƙashin wani dattijo wanda duk masaƙar ke kira Baba Akawu. A lokacin da hannu muke cike kundi, mu ƙirga kuɗi mu zuba a ambulan, kowane lebura da sunansa a bayan tasa. Baba ba ya yarda a tashi sai jimlar kundi ta yi daidai da abin da ke cikin akwati, ko da kuwa sule biyar ce ta ɓace. Wata rana mun kai har bayan isha'i muna neman kuskuren da ni na yi a kuɗin ƙarin lokaci na masu aikin dare, bai yi mini faɗa ba, sai dai ya sa na je da ƙafata na ba mutumin da kuskuren ya shafa haƙuri washegari.

A wancan ofishi mu bakwai ne. Yau idan ka shiga irinsa a Bompai ko Challawa, mutum ɗaya za ka tarar da kwamfuta, wani lokaci ma shi ne sakatare, shi ne mai sayo kayan ofis. Masu kamfanoni sun fi son su miƙa aikin ga irinmu na waje a kan kwantiragi, kuma ba zan ɓoye cewa da wannan nake cin abinci ba. Abin da ke damuna shi ne halin da jami'an kula da ma'aikata suka shiga. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan tsadar da ta biyo cire tallafin man fetur a 2023. Kamfanoni da dama sun ɗaga na ƙasa domin doka ta tilasta musu, suka bar na tsakiya a inda suke, har ta kai jami'in da ya zauna ya lissafa wa kowa ƙarin yana ganin tazarar da ke tsakaninsa da sabon ɗauka ta kusa shafewa. Shi ya sa ƙwararrun ba sa zama. Da zarar yaro ya goge, sai banki ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji ta ɗauke shi zuwa Abuja ko Legas, ni kaina na yi asarar biyu a haka bayan na sha wahalar horar da su.

Aikin kuwa ƙaruwa yake yi. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10, a tura wa mai kula da asusunsa a kan lokaci. Ga kashi ɗaya na NSITF domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ga na ITF, wato asusun horar da ma'aikata, ga harajin albashi da ake biyan jiha. Dokar ƙwadago kuma ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Mu a nan kowace takarda sai ido biyu sun bi ta kafin ta fita, kuma duk wanda muka tura wa kamfani sai mun je unguwarsu mun ga mai tsaya masa.

Duk da haka, sai wani Alhaji mai kamfani ya zo yana taya aikin kamar yadi a Kantin Kwari, yana cewa wani yaro ya yi masa alkawarin rabin kuɗina. Na san irin yaran. Ba su da rajista da CIPM, cibiyar da doka ta ɗora wa tsara wannan sana'a tun 1992, takarda ɗaya suka kwafo daga intanet suna sauya mata suna, wasunsu ma har kuɗin fom suke karɓa daga masu neman aiki, abin da ban taɓa yi ba. Bara wani da ya bar ni saboda araha ya dawo da kwali cike da takardu, an yi wata goma sha huɗu ana cire wa ma'aikatansa fansho ba a tura ko kwabo ba. Mako uku muka yi muna warware lissafin, da na miƙa masa takardar kuɗin aikin kuma sai da ya nemi ragi.