Ziyarar Gidan Gonar Rokeby a Jihar Vermont

Daga birnin Burlington na ƙasar Amurka muka kama hanya mai lamba 7 muka yi kudu, muna ratsa gonaki da makiyayar shanu, har muka isa garin Ferrisburgh inda gidan gonar Rokeby yake a gefen titi. A shekarar 1793 Thomas Robinson da matarsa Jemima, waɗanda suka taso daga Rhode Island, suka zauna a wannan gona, kuma zuriyarsu ba ta bar ta ba sai a 1961, lokacin da aka mayar da ita gidan tarihi. Iyalin mabiya ɗariƙar Kweka ne, wato Kiristocin da ba su da limami, suke ibadarsu a zaune shiru, suke kuma ganin babu mutumin da ya fi wani daraja a wurin Allah.

Arzikin gidan daga tumakin merino ya fara, masu laushin gashi, kafin kasuwar ulu ta faɗi a koma ga man shanu da lambun tuffa. Na zaga ɗakin sarrafa madara da rumbun hatsi, na kuma bi tsohuwar katangar duwatsu da itatuwa suka riga suka rufe.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne zamanin Rowland, ɗan Thomas da Jemima, da matarsa Rachel, waɗanda suka ƙi sayen sukari da audugar da bayi suka noma, suka kuma buɗe ƙofarsu ga bayin da suka gudo daga jihohin kudancin ƙasar a shekarun 1830. Ba a ɓoye waɗannan baƙi a rami ba. A fili suke aikin gona ana biyan su lada. Wasiƙun iyalin sun adana labarin wani mai suna Jesse daga North Carolina, wanda ya tara dala 150 da guminsa, Rowland ya rubuta wa ubangidan Jesse domin a fanshe shi, ubangidan kuwa ya kafe a kan dala 300. Na daɗe a tsaye gaban wannan labari, domin ganin ana cinikin ɗan Adam a rubuce kamar na rago ya sosa mini rai ƙwarai, kuma na girmama manomin da ya ɗauki alƙalami ya tsaya wa ma'aikacinsa.