Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Wanda Ya Biya Cikon

Makon jiya na tsaya a inda Yaya ya miƙa min sayayyar kaya a ƙasar Sin. Na so yau in shiga labarin bikin Auta, amma tun daren Talata maganar Baffa, Allah ya jiƙansa, ta hana ni sakat. Duk sanda ya ga muna murnar samun kaya da sauƙi, sai ya ce, "Kowace araha kuka gani, akwai wanda ya biya cikon." Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa tsufa ne.

A shekarar 2010 ne. Masaukina yana Xiaobei a Guangzhou, daga nan nake hawa jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, in zaga kasuwar Huaqiangbei in ga samfur, sannan tafintana ya kai ni wata ƙaramar masana'anta a bayan gari da ke haɗa mana wayoyi masu layi biyu da tocila. Ba zan faɗi sunanta ba, domin laifin da zan ba da labari nawa ne.

A watan Mayun shekarar, ko'ina ka zauna maganar Foxconn ake yi, kamfanin ɗan Taiwan ɗin nan Terry Gou, mai haɗa wa Apple wayar iPhone. Masana'antarsu ta Longhua da ke Shenzhen gari ce guda, a lokacin ma'aikata sun haura dubu 300. Samari da 'yan mata ke ta hallaka kansu ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare mutum 18 suka yi yunƙurin, 14 suka mutu, dukkansu 'yan shekara 17 zuwa 25. Ranar 26 ga Mayu Gou ya zo da kansa ya zagaya da 'yan jarida, a daren nan kuma wani ya sake mutuwa. Aka ɗaura raga a jikin benayen kwanansu don tare masu faɗowa daga sama. Aka kawo takarda ma'aikata su sa hannu cewa ba za su cutar da kansu ba, sai da aka yi ca a kai sannan aka janye ta. Albashin wata yuan 900 ne, a watan Yuni aka mai da shi 1,200. Dokar ƙasar ta ce aikin ƙarin lokaci kada ya wuce awa 36 a wata, amma da yawansu suna ninka hakan, don albashin shi kaɗai ba ya riƙe mutum a Shenzhen.

Na buga wa Yaya waya na ba shi labari. Ya ce, "Kai dai ka tabbata kayanmu sun shiga kwantena. Waɗannan rashin imani ne ke damunsu." Har yau wannan magana tana ci min rai, ya kuma sani, don na maimaita masa ita ranar rabon gadon Baffa, abin da ya sa Inna ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Na san hukuncin wanda ya kashe kansa, ba Yaya ne zai koya min ba. Amma wanda ya tura mutum bakin rijiya shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

A makon ne na zauna da mai masana'antarmu. Na matsa sai ya rage yuan 2 a kan kowace waya, kuma ya datse kwana 10 daga wa'adi, in ba haka ba in kai odar wani wuri. Ya yi shiru, ya tsiyaya min shayi, ya amince. Na fito ina jin kaina gwarzon ɗan kasuwa. Ban tambayi kaina daga jikin wa kwana goman nan za su fito ba.

Kwana huɗu kafin wa'adi na koma da dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, don in ga inda aka kwana. Fitilu tar kamar rana. Layi biyu na yara a tsaye, ba mai magana da na kusa da shi, magana laifi ce. Akwai wani siririn yaro, tafinta ya ce daga lardin Henan yake, aikinsa ɗaure ƙananan kusoshi huɗu a bayan kowace waya. Ina kallo gyangyaɗi ya ɗebe shi a tsaye, wayoyi suka taru a gabansa. Shugaban layi ya tsayar da aiki, ya fito da shi gaban kowa, ya sa shi ya faɗi laifinsa da ƙarfi. Yaron ya faɗa, kansa a sunkuye, hannunsa na rawa. Wayoyina ne a kan teburin. Ina da bakin da zan ce a ƙara musu kwana uku, ban buɗe shi ba. Lissafin kuɗin ajiya a tashar jirgin ruwa nake yi.

Bayan shekaru, da na ɗauki yara a wurin gyaran waya, ranar da na kama kaina ina daka wa ɗayansu tsawa a gaban abokan aikinsa, fuskar ɗan Henan na gani. Na shiga ciki na zauna, na kasa cin abinci. Baffa yana da rai a lokacin, na ba shi labarin duka. Bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, ka ga mai biyan cikon da idonka."

Kayan sun fita a kan lokaci, mun ci riba mai kyau, da ita aka yi rufin gidan Yaya. Da na koma a watan Oktoban 2010 na nemi ɗan Henan ɗin. Shugaban layin ya ce ya tafi wata safiya, ko ragowar albashinsa bai tsaya karɓa ba. Na roƙi tafinta ya tambayi 'yan ɗakinsu lambarsa. Su takwas ne a ɗakin, wasu aikin dare wasu na rana. Biyar muka samu, babu wanda ya san cikakken sunansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, bikin Auta.