Hoton iyali a waje idan yanayi ya ƙi

Yawancin masu kirana ɗaukar hoton iyali a fili fatansu rana ta fito tarwai. Ni kuwa ita ce ranar da ta fi ba ni wahala. Hasken tsakar rana daga sama yake saukowa, sai inuwa ta taru a ramin ido da ƙarƙashin hanci, yara su runtse idanu, manya su haɗe gira. Nakan kai su bakin inuwar gini, jikinsu a ciki, fuskokinsu na kallon sarari. Inuwar bishiya mai ratsin haske ba na sonta, domin tana yi wa fuska dabbare-dabbare. In babu inuwa sam, sai in sa ranar a bayansu, in mayar da haske fuska da farin allo. Ranar da gari ya yi lumshi kuwa, gajimare ya riga ya tace mini hasken, ko'ina na tsayar da su daidai ne.

Amma haske ba shi ne babbar matsalar ba, mutanen ne. Duhu ko haske ana iya gyara shi a kwamfuta, musamman in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Fuskar yaron da sanyi ya ratsa, leɓe na karkarwa, kafaɗu a ɗage, ba ta gyaruwa. Saboda haka nake gama saita kyamara tun iyalin na cikin mota, in gwada hasken a tafin hannuna, sannan in ce su fito. Hoton kowa da kowa shi ne na farko, kafin jariri ya fara kuka, kafin ƙafar kaka ta gaji. In na hango tsohuwa tana sauya ƙafa, nakan ce, "Mama, a kawo miki kujera, ke za ki zauna a tsakiya, jikoki su kewaye ki." Ta huta, hoton ma ya fi tsari. Saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ba na barinsa ya wuce 1/250 na daƙiƙa in akwai yara, don motsinsu kada ya ɓata hoton; gara in ƙara ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, in haƙura da ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoton.

Yayyafi ina sonsa. Launuka suna fitowa sosai, iyali kuma suna matsowa kusa da juna ƙarƙashin lema ba sai na roƙe su ba. Farar lema ko wadda ake ganin ciki ta fi, domin ja ko koriya tana zuba launinta a fatar mutane. Ɗigon ruwa ba ya fitowa a hoto sai haske ya bugo shi ta baya, bayan mutanen kuma da ɗan duhu. A saurin ɗauka na 1/500 sai ka gan shi tsaye cak a iska. Leda da robar ɗauri sun isa rufe kyamara.

Iska kuma, ina juya su su fuskance ta, tufafi da gashi su tafi baya. In da ƙura ba na sauya gilashin kyamara a fili, ba na kuma goge shi da tsumma sai na fara hure shi, don yashi yana karce shi. In na fito daga wuri mai sanyi zuwa zafi mai laima, gilashin yakan yi gumi, shi ya sa nake barin kyamarar cikin jaka a rufe har ta ɗauki zafin wurin. A tsananin sanyi batir saurin mutuwa yake, na ajiya yana aljihun ciki, jikina na ɗumama shi.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne tsawa. Da na ji rugugi, aiki ya tsaya, ko da hadarin ya yi kyan da ban taɓa gani ba. Duk wanda ke jin ƙarar tsawa yana inda za ta iya samunsa. Kowa ya shiga gini ko mota mai rufi, ban da gindin bishiya, kuma sai an yi minti 30 da jin ƙarar ƙarshe muke fitowa. Wani uban yakan ce, "Malam, ɗaya kawai ka ƙara mana." Nakan ba shi haƙuri, in buɗe kalanda mu sa wata ranar.