Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Keken Ɗinkin da Na Goge Adonsa

A makon jiya na tsaya ne a daidai ranar da Goggo ta miƙo mini keken ɗinkin kakarmu, bayan ya shafe fiye da shekara ashirin a rufe cikin akwatinsa na katako. Ta ce da ni, "Ɗan nan, ka riƙe shi da kyau, domin ya girmi mahaifinka." Na amsa da "To, Goggo," amma ko kwana uku ba a yi ba na yi masa ɓarnar da har yau nake jin kunyarta.

Keken na hannu ne, ƙirar Singer 28K, baƙi wuluk, an yi masa zanen furanni da ruwan zinare. Da na ga datti ya daskare a jikinsa, sai na ɗauko ruwa da sabulu, da suka kasa kuma na ƙara da sifirit, ina ta dirza da tsumma. Kafin in farga, furannin gefe guda sun koma fari fat kamar azurfa, wasu ma sun bi tsumman. Daga baya ne wani dattijon makanikin keke ya yi mini bayanin cewa zanen yana kwance ne a ƙarƙashin wani siririn fenti mai sheƙi wanda sifirit ke narkar da shi, kuma ba a goge irin wannan jiki sai da man keke da auduga mai laushi. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Yaro, wannan kam ya tafi ke nan."

A wurinsa na fara sanin cewa harafin K da ke bayan lambar yana nufin Kilbowie, wato masana'antar da kamfanin ya gina a Clydebank ta ƙasar Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Ya kuma nuna mini lambar da aka buga a gindin keken ta hannun dama, wadda da ita ake gano shekarar ƙira, muka tarar nawa ya riga Yaƙin Duniya na Biyu zuwa duniya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙoshiyarsa, wato ƙarfen da ke ɗauke da kwarkwaron zaren ƙasa. Na saba da kwarkwaro mai zagaye irin na Singer 15 da kekunan Butterfly da aka kwaikwaya daga gare shi, sai ga wata doguwar ƙoshiya mai tsini kamar harsashi tana kai da komo a ƙarƙashin yadi, kwarkwaronta siriri kamar tsinke. Kwana biyu ina fama, zare yana ta cukurkuɗewa ta ƙasan ɗinki, ni kuma ina ta murɗa sukurun ƙoshiya a banza. Ashe idan zare ya taru ta ƙasa, laifin yawanci na zaren sama ne, ko dai bai shiga tsakanin faifayen da ke matse shi ba, ko kuwa an zura shi ba daidai ba. Da na gyara, na ɗiga mai a kowane rami, na juya hannun, allura ta riƙa sauka sau uku a kowane zagaye guda, ɗinkin ya fito a miƙe sak.

Yanzu ina da irin waɗannan kekuna guda bakwai, kuma a ganina wanda ya jera su a kanta don kallo kawai ya tauye musu haƙƙi, shi ya sa kowannensu yake da ranar da nake ɗinki da shi. Shi wannan na fari ban sake masa fenti ba, na bar tabon yadda yake, da shi kuma na ɗinka wa Goggo rigar matashin kai, wadda ta juya ciki da waje tana duba layin kafin ta ce komai.

A mako mai zuwa zan kawo labarin keken ƙafa na farko da na mallaka, wanda ya zo mini babu bel, da yadda na yi sati guda yana juya mini da baya yana tsinka zare.