Kufan garinmu a bayan Mora

Bayan sallar layya na raka Baffa ya ga kufan garinmu, can tsakanin Mora da Amcide a arewacin Kamaru. Tun 2014 da Boko Haram suka addabi bakin iyakar nan muka tattara muka koma Marwa, ba mu sake kwana a can ba.

Kukar bakin masallaci ce ta nuna mana mun iso, don ciyawa ta cinye hanya. Katangu duk sun zube, ruwan damina ya narkar da su. Rumbun Inna kaɗai ke tsaye, ba jinka, ƙadangaru na ta shige da fice. Dutsen niƙanta kuwa yana nan inda ta bar shi, na shafa shi har yanzu santsi.

Baffa bai ce komai ba sai da muka kai maƙabarta. Ya tsuguna, ya kira sunayen mutum bakwai, ya yi musu addu'a.

"Ɗana, a nan ake shuka masakwa, har fadamar can," in ji Baffa, yana nufin dawar nan ta rani.

Wallahi na so in ɗauko dutsen niƙan nan, amma babur ɗaya muka zo da shi, kuma mai babur na ta cewa mu tafi kafin la'asar.