Takardar kai yaro gaida kakarsa a Sakkwato

A gida in aure ya mutu, waliyyai da kawunnai ke zama a zaure su tsayar da inda yara za su zauna, in ta gagara a tafi gaban alƙali. A nan Ingila, abin da har yau na kasa haɗiyewa shi ne uba ya nemi izini a rubuce kafin ya kai ɗan cikinsa gaida kakarsa a Mabera. Amma haka dokar take, kuma rashin saninta na jefa 'yan uwanmu cikin wahala.

Yarjejeniyar baka ko ta WhatsApp ba ta ɗaure kowa. Sai an rubuta, uwa da uba sun sa hannu, an haɗa da fom C100 na neman umarnin kotu kan zaman yara, an biya kuɗin kotu da ya ɗan haura fam 250, sannan alƙalin kotun iyali ya duba. Ba dole ne ya amince ba, domin dokar yara ta 1989 maslahar yaro ta sa a gaba. In kuwa ba a daidaita ba, sai an gana da mai sulhu kafin a shigar da ƙara, sai dai in akwai duka ko cin zarafi. Hukumar Cafcass kuma, mai ba kotun iyali shawara kan yara, takan bincika wurin 'yan sanda ko akwai abin da zai cutar da yaro.

Wurin rubutun ne muke yin sake. Mutum ya rubuta "Sallah a wurin uba" ya yi shiru. Wace Sallar, ƙarama ko babba? Tana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, takan kuma faɗo ranar makaranta. A sa ƙarfe nawa za a ɗauki yaro, a ina, wa zai maido shi, fasfo a hannun wa zai zauna.

Sai tafiya gida. Wanda kotu ta ce yaro na zaune wurinsa yana iya fita da shi ƙasar waje har kwana 28 ba tare da neman izini ba. Hutun bazara kuwa kusan mako 6 ne, ga kuɗin jirgi, wa zai so ya dawo da wuri? In za a wuce haka, ko in wanda yaro ba ya zaune wurinsa ne zai yi tafiyar, sai da yardar ɗaya ɓangaren a rubuce ko umarnin kotu, in ba haka ba dokar 1984 na ɗaukarsa satar yaro. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 ta maido da yaran da aka gudu da su, shi ya sa alƙalai ke ɗari-ɗari da mu.

Iyayenmu mata a gida ba sa gane wannan. Tsohuwa ta tanadi kilishi da atamfa tun azumi, ta bugo waya tana tambayar ranar isowar jikokinta, ɗanta yana riƙe da waya ya rasa ta inda zai fara gaya mata cewa ba a sa hannu ba tukuna.